Bugu na Goma Sha Ɗaya

Assalamu alaikum mutanen dandali. Ke da kika rubuto min wancan makon wai na cika mita, gyara zama, don mitar yau ta fi ta kullum, kuma wannan karon a kaina zan fara.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Sundus, a unguwar Ƙurban ta Madina aka haife ni, nan kusa da masallacin Ƙuba, shekarata ashirin da huɗu. Abbana ya rasu ina ƙarama, saboda haka waliyyina kakana ne, Malam Balarabe, muna ce masa Sidi. Ummata Sabuwa daga Kano aka kawo ta amarya, ita ta koya min Hausar bokon nan da nake muku rubutu da ita, in kun ga kuskure ita za ku kama.

Wanda nake so Awwalu ne, ɗan Zariya. Lauya ya karanta a gida kafin ya zo jami'a nan Madina yin majistir, wato digiri na biyu. Ni 'yar ƙasa ce, shi baƙo, kuma auren irinmu sai da izinin hukuma. Wata bakwai muka yi muna tara takardu a koren fayil ɗin nan mai ƙugiya da duk mutumin ƙasar nan ya san wahalarsa: hoto, shaidar asibiti, takardar jami'a, fassarar wannan, hatimin wancan. Abu biyu kacal suka rage. Sidi ya sa hannu, Ammu Zubair ƙanen Abba ya kai ofis. Awwalu ya riga ya kare kundinsa, kuma ranar da abin nan ya fashe kwana ashirin da shida suka rage masa a iƙama, takardarsa ta izinin zama. In fayil ya shiga kafin ya tafi, akwai sa rai. In ya hau jirgi fayil yana kan firij ɗin Ammu, to sai dai ku taya ni kuka.

A daidai wannan gaɓar hannuna ya ja min.

Sidi yana da ɗan shago a unguwar Anbariyya, carbi da dadduma da turare, amma abin da aka san shi da shi littafinsa ne, Abokin Baƙo. Shekara talatin alhazan Najeriya da Nijar suna saye. Bangonsa ruwan ɗorawa ne, ciki rubutun hannunsa ne aka ɗauka aka buga irin na da, Hausa da Larabci: yadda za ka tari mota, yadda za ka yi ciniki, abin da za ka ce in ka ɓata. Kowane shafi da "Ya kai ɗan'uwa baƙo" yake farawa, mutanen da aka zana a ciki kuma ba su da fuska, kai ne kawai sumul kamar ƙwai. Sau goma aka buga shi.

Ni kuwa tun ina firamare ba a ajiye biro kusa da ni. Ranar lallen Khalida, 'yar Ammu Zubair, na ce bari in kai wa 'yan mata abin dariya. Na kwafi bangon littafin Sidi a inji yadda yake, da sunansa da komai, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Bugu na goma sha ɗaya, an gyara an ƙara." Ciki na zuba shafi goma sha biyu, na kwaikwayi hannunsa sak. Na ba mutanen fuska. Sidi kuwa na ja masa hanci har gemu, tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a kan hula, yatsan nan nasa na nasiha ya kai tsawon muciya. Shafin addu'a da na ziyara ban kusance su ba, ina da hankalina. Na ciniki na kama. Inda Sidi ya ce in mai kanti ya ƙi ragi ka yi masa addu'a ka wuce, ni na rubuta: "Ya kai ɗan'uwa baƙo, idan ya ce hamsin, ka tuɓe takalmi, ka zauna a tsakiyar shagon, ka kwance guzurinka ka fara ci, ka ce ba ka tashi sai ya sauko biyar. Mutanen Madina suna matuƙar ganin girman mai yin haka."

Wallahi an yi dariya har wata gwaggo ta ƙware da gahawa. Kuma kar wata ta rubuto min wai rashin kunya ce. Jika ce ni. Tun ina rarrafe Sidi yake ce min "matata", ni ina ce masa tsohon miji marowaci, in ɓoye masa hula, shi ya ce shayina wankin kofi ne. A wajenmu wannan ba laifi ba ne, haƙƙina ne.

Abin da ban kawo a rai ba Khalida ce. Ta tafi da littafin gidan miji, ta ba wata ƙawa aron kwana ɗaya, ƙawar ta ba wata. Mako uku bayan biki wani da har yau ban san shi ba ya buga tari a inji yana sayar wa alhazai a ƙofar masauki, gari kuwa a cike, ƙarshen Zulƙida. Hancin Sidi har a wayoyin samari yake yawo.

Na kira Khalida.

"Ya Sundus, wallahi ma kan ƙasdi, ban yi da niyya ba. Mutum ɗaya bas na ba!"

"Mutum ɗayan ce ta cika Anbariyya?"

"Don Allah kar ki kira sunana gaban Abuya, kin san halin babana. Ni amarya ce fa." Ta kashe wayar.

Ranar Laraba Ammu Zubair ya faɗo gidanmu da kwafi ɗaya a hannu, shimag ɗinsa, ƙyallen nan na kan maza, ya karkace bai ma sani ba. Shi a nan aka haife shi, Hausarsa sai ta dafa Larabci take tafiya. Ya buga littafin a kan tebur har kofunan shayi suka yi ƙara.

"Shufi ya Umm Sundus, duba! Hadi sirƙa, sata ce ƙiri-ƙiri. A bayan namu an rubuta haƙƙin bugawa a kiyaye yake, wani ɗan iska ya ɗauka ya mai da Abuya, mahaifina, abin dariya."

Umma ta buɗe, ta ga hancin, na ga ta ciji leɓe. Sannan ta ɗago ta yi min kallo ɗaya. Na mai da idona kan kafet.

"Wannan Awwalun naku," in ji Ammu, "ba a kan haƙƙin mawallafa ya yi kundinsa ba? Ɗayyib. Ya rubuta min shakwa, takardar ƙara, ya nemo min mai zanen, in kai hukuma. Ran da na ga takardar ƙarar a hannuna, ran nan malaf, fayil ɗin auren nan, zai motsa. Mai son shiga gidanmu ya fara nuna amfaninsa."

Dama can Ammu bai taɓa son maganar auren ba, a ganinsa 'yan ƙasa ba su ƙare ba. Yanzu ni da kaina na miƙa masa abin dukana.

Yana fita Umma ta rufe ƙofa ta juyo.

"Ke ce ko?"

"Umma, wasa ne fa na..."

"Bakinki alaikum. A sa hannu tukuna. Bayan biki kya je ki yi masa wasan jikar, a yi dariya a tashi. Shekara goma sha biyar ina lallaɓa dangin ubanki ni kaɗai, ba za ki rusa min da biro ba. Kin ji ni ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji. Na shige ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Awwalu: "Littafin da Ammu zai kawo maka, ni na zana."

Minti goma ina kallon wayar. Sai ga amsa: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ban gama karantawa ba wata ta shigo: "Amma kin iya zane."

Ku ji fa. Gida na ci da wuta, shi yana yabon labule.

Bayan la'asar ya kira. Na hau soro wajen tankin ruwa, don a can ne kawai Umma ba ta jin magana.

"Ka gaya min kai tsaye," na ce, "na yi laifi ko ban yi ba?"

"A ina?"

"Kamar yaya a ina? A duniya!"

"Ai duniyar ce ba ɗaya ba, Sundus. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta hana ki kwafi aikin wani ba da izininsa ba, amma ta ware wasu abubuwa ta ce waɗannan ba sa cikin hanin. Kwaikwayon barkwanci da zanen zolaya suna ciki, a rubuce suke ƙarara. Faransa ma haka."

"Saboda me?"

"Saboda babu marubucin da za ki je ki ce masa ba ni izini in yi maka dariya, ya ce bismillah. In aka ce sai da izini, an kashe barkwancin ke nan. Kuma dole mai zolaya ya ari wani abu daga na asalin, in ba haka ba wa zai gane wa ake nufi? Shi ya sa doka ta ba da izinin da kanta."

Har na fara jin sanyi a raina. "To shi ke nan mana."

"Ba shi ke nan ba. Na farko, ba a Najeriya muke ba. Nizamin nan, dokar ƙasar nan, iya karatuna, ya lissafa abin da aka yarda a ɗauka, kamar ɗan yanki don karatu ko sharhi, amma ban ga ya ambaci barkwanci ba. Na biyu, ko a inda aka yarda, alƙalai suna duba abu biyu: kar ya zama da nufin cutarwa, kuma kar mai karatu ya ɗauka na asalin ne. Ke kuma bangonsa kika sa, da sunansa, kika ce sabon bugu ne. An yarda ki ari rigarsa ki yi masa dariya a ciki. Ba a yarda ki yi magana da sunansa ba."

"Don 'yan mata ashirin na yi! Duk sun san ni ce!"

"Na sani. Alhajin da ya saya a ƙofar masauki bai sani ba."

Haushi ya turnuƙe ni, don gaskiya ya faɗa kuma ba ita na hau soro nema ba. Na ce to ya rubuta wa Ammu takardar kawai, ya ce ba a san mai zanen ba, fayil ya wuce, daga baya a san abin yi.

"In sa hannuna a kan cewa ban san shi ba, alhali na san shi?"

"To ka faɗi sunana!"

"Wannan ma ba zan yi ba. Sirrinki ne, ke kika ba ni. Ki je wajen Malam da kanki, yau ko gobe. Kakanki ne."

Na ce masa gobe.

'Yan uwa, goben nan kwana tara ta yi. Duk ran da na ɗauki abaya sai Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar ina za ni. Kuma kar in ɗora mata duka, ni ma tsoro nake ji. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Sidi yana son Awwalu. Kullum bayan azahar a masallacin Anbariyya sai ya kamo hannunsa ya kai shi shago, ya zuba masa shayi da na'ana'a, ya buɗe littattafan biyu yana nuna masa. Saƙonnin Awwalu suna nan a wayata ban goge ba.

"Yau ma ya zaunar da ni. Ya ce wa zai yi masa haka. Ki faɗa masa."

"Ammu ya kira sau uku. Na ce ina nazari."

"Sundus, na kasa haɗa ido da shi. Don Allah."

Ni kuma amsata ɗaya ce, "Gobe insha Allah", har wayar ta haddace, ina danna harafin farko take kawo sauran.

Ranar Juma'a aka ce kowa ya hallara gidan Sidi cin abincin rana, har da Awwalu. Na sa jallabiyata ruwan goro mai aikin zare a wuya, na yafa baƙar ɗarha, na zauna da su Umma a ɗakin mata. Ƙofar katako mai zamewa ce tsakaninmu da majalisar maza, kuma shekara da shekaru ba ta rufuwa duka. Ta wannan tsagar na hango Awwalu cikin farar shadda da hula zanna, ya rame a kwana tara kamar wanda ya tashi daga jinya. An ajiye wa Sidi tuwon shinkafa da miyar kuka, 'yan haihuwar nan kuma shinkafa bukhari da kaza. Koren fayil yana gefen Ammu a kan matashi, ya ajiye shi inda kowa zai gani.

Ko loma uku ba a yi ba Ammu ya fara.

"Ha ya ustaz, ina shakwa?"

"Ban rubuta ba, Ammu."

"Lesh? Me ya hana?"

Awwalu ya goge hannu ya gyara zama. Na ce a raina, shi ke nan, ya buɗe aji. Ya yi musu bayanin da ya yi min, da na Najeriya da na Faransa, da dalilin da ya sa doka take kare mai zolaya. Ya ce ga alama wanda ya zana ba don sayarwa ya yi ba, kuma in akwai wanda ya kamata a nema, mai bugawa yana sayarwa ne da sunan Malam.

"Faransa!" Ammu ya daki cinyarsa. "Ana cin mutuncin ubana a Anbariyya, kai kana kawo min Faransa? Wace irin doka ce za ta ce a yi wa dattijo hanci kamar tulun gahawa kuma ba laifi?"

"Dokar haƙƙin mallaka littafi take karewa, Ammu. Maganar mutunci wata ƙofa ce daban."

"Kai lauyanmu ne ko lauyan ɓarawo? Ya aka yi ka san ba don sayarwa ya yi ba? Ka san shi ne?"

Umma ta damƙi gwiwata har na ji farcenta.

"Da kai nake. Ta'arifu? Ka san shi?"

Awwalu ya sunkuyar da kai, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ammu ya ɗauki fayil ɗin ya ɗaga sama. "Khalas. Wanda zai ɓoye mana maƙiyi tun bai shigo ba..."

Ban san lokacin da na fizge ƙafata daga hannun Umma ba. Na ja ƙofar nan da ba ta zamewa, ranar ta zame har ta bugi bango.

"Ni ce, Sidi. Ni na zana. Ranar lallen Khalida na yi, don a yi dariya."

Ammu ya miƙe tsaye, Larabci yana zubo masa ba waƙafi, da aib da fadiha da abin da ba zan rubuta ba. Sidi ya ɗaga hannu ɗaya, Ammu ya yi shiru dole.

Sidi ya cire tabarau ya dube ni. Ya buɗe littafin nawa a shafin hancin, ya dube shi, ya sake dubana. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya yake yi, ta ƙasa-ƙasa, har da share ido.

"Ashe matata ce. Ja'ira. Hancin nan dai na gidanmu ne, ke ma ba ki tsira ba, je ki duba madubi."

"Abuya!" in ji Ammu.

"Zauna, Zubairu. Kai a nan aka haife ka, ba ka san wannan ba. Jika tana da wasa da kakanta. Ko gemuna ta ja a tsakiyar kasuwa, ba mai shiga tsakani. Ba ƙara, ba shakwa, a bar maganar."

Wallahi ji na yi kamar an sauke min buhu daga ka. Har na juya zan yi wa Umma kallon "kin gani", sai na ji ya ce, "Tsaya, ban gama ba."

Dariyar ta bar fuskarsa.

"Shekaranjiya wata tsohuwa ta shigo shagona, 'yar Damagaram, ta girme ni ma ina tsammani. Jikanta ya karanta mata wannan a masauki, ya ce sabon bugun Malam Balarabe ne. Mijinta da littafina ya yi hajji, ta ce har ya rasu yana ajiye da shi. Don haka ta je kantin dadduma, ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa, ta kwance ƙullin ƙanzonta. Yara suka taru suna ɗaukar ta hoto da waya, mai kanti ya sa aka fitar da ita. Ta zo ta ajiye min littafin nan a kan tebur. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, Malam, me na yi maka?"

Na dafa ƙofa.

"Wasan jika kakan ne yake ɗauka, Sundus, kuma a gabansa ake yi don ya rama. Ke kin ɓoye sunanki kin sa nawa, wasan ya faɗa kan wadda ba kakarki ba."

Hawaye suka zubo min. Na ɗauka iyakar hukuncin ke nan, kuma na yarda na cancanta. Sai ya juya wajen Awwalu.

"Malam Awwalu, ka san ita ce?"

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

"Kwana tara." Sidi ya gyaɗa kai a hankali. "Ranar da tsohuwar nan ta fita, kai ne ka shigo bayanta. Ka gan ni a wane hali. Na tambaye ka wa zai yi min haka, ka sha shayina ka ce Allah ya bayyana."

"Sidi, ni ce na hana shi!" na ce. "Kullum sai ya ce in faɗa maka, ga saƙonnin a wayata, ka duba!"

"Na yarda. Amana ya riƙe miki, ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ke kina da wasa da ni, shi ba shi da shi tukuna. Mutumin da zan damƙa wa 'yar ɗana, ina so in san in abu ya taso zai iya duban idona, ko da cewa zai yi, Malam na sani amma ba zan faɗa ba. Ko wannan bai ce ba sai yau da aka matsa."

Ya miƙa hannu, Ammu ya ba shi fayil ɗin da sauri har yana murmushi. Sidi bai buɗe ba. Ya miƙa wa Awwalu.

"Riƙe kayanka tukuna."

Awwalu ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Na gode, Malam." Ya tashi ya sa takalmi ya fita, abincinsa ko rabi bai ci ba. Bai dubi inda nake ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ni da na yi ɓarnar an yafe min da dariya, shi da ya yi kwana tara yana roƙona in yi daidai shi aka miƙa wa fayil. Da na je ranar Alhamis ɗin farko da ya ce, da tsohuwar ma ba ta kai ga zama a kantin ba, don Sidi zai sa a karɓe takardun daga ƙofar masaukai. Wannan tunanin ya hana ni cin komai tun jiya.

Da aka watse na durƙusa gaban Sidi yana wanke hannu. Na ce ya hukunta ni yadda yake so, amma kwana goma sha bakwai suka rage.

"Na iya lissafi," ya ce. Ya karɓi tawul. "In kina son mu yi maganar yaron nan, ki fara nemo tsohuwar. Ki gaya mata da bakinki ke kika rubuta, ba ni ba. In ta yafe, ki zo mu zauna. Ban ce zan sa hannu ba, na ce mu zauna."

"Ya sunanta?"

"Ban tambaya ba. Kunya ba ta bar ni ba."

"Wane masauki?"

"Nan Anbariyya dai ta ce. Ayarinsu Lahadi bayan azahar zai wuce Makka."

Yau Asabar. Ammu ya ce motarsa ba ta da lokacin shirme, Khalida ta kashe waya. Na rubuta wa Awwalu saƙo huɗu tun safe, na ƙarshe kawai ya amsa: "Fayil yana wurina, ba abin da ya same shi. Ki fara da masaukan bayan masallaci, a can 'yan Nijar suka fi sauka."

Yanzu haka abayata tana jikina nake muku wannan rubutu. Umma tana falo tana sa safa, tana mitar ƙafarta da kuɗin tasi da halin dangin ubana, amma ita ta fara ɗaukar jaka, kuma tun jiya ba ta iya haɗa ido da ni ba. Masaukan Anbariyya sun fi arba'in, kowanne cike da tsofaffi masu farin mayafi iri ɗaya. Ba ni da sunanta, ban taɓa ganin fuskarta ba. Abin da kawai zan iya yi shi ne in bi ɗaki ɗaki, in tsaya a gaban matan da ban sani ba, in ce ina neman wadda aka yi wa dariya a kantin dadduma, ni ce sanadi.